Magajin Kunkuru

Shekara goma sha ɗaya yana rarrafe a ƙasan kwamin ninkayarmu,
tik, tik, tik,
kamar agogon da ya faɗa ruwa ya ƙi mutuwa.
Cedric ne ya raɗa masa Kunkuru.
Ran Talata ya tsaya cak.
Na ɗago shi, cikinsa ya suɗe kamar dunduniyar tsohon silifa,
tiyonsa ya tsage gida uku.
Na naɗe da tef. Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Kwana tara iskar tekun Geraldton
tana kwaso mini ganyen turaren maƙwabci.
Gansakuka ta kama bango,
ruwan ya daina nuna mini fuskata.

A kanti, yaron nan Tuan ya jera mini su a kan tebur.
Wannan, in ji shi, ƙanen naki ne:
a ɗaura masa tiyo, injin ruwa ya ja shi,
arha gare shi, amma yawon banza,
inda ya share jiya nan zai koma yau.
Wancan mai igiya ne, yana hawa bango kamar ƙadangare,
yana da rariyarsa a ciki,
har ta waya ake ba shi umarni.
Na ce, ɗana, wayata ko jikata ba ta kira daidai.
Ga kuma na batir, ba igiya ba tiyo,
ya yi awa biyu ya kwanta a gefe yana jiran hannu.

Ya yi ta lissafi: garanti, kuɗin wuta, faɗin baki,
wane ne ke haɗiye yashi, wane ne ganye ke shaƙewa.
Na bar shi ya gama.
Na ajiye jakata, na ce miƙo su ɗaya ɗaya.

Mai hawa bangon ya kusa tafiya da kafaɗata.
A bushe ke nan.
To ina ga ya sha ruwa ya ƙoshi,
ni kaɗai a bakin kwami, da gwiwar da likita ya ɗinke bara?
Mai kaya shi ya san nauyin kayansa.
Na batir ɗin na ɗaga shi da hannu ɗaya,
na buɗe cikinsa ba tare da na nemi tabarau ba.
Tuan ya ce, ba shi ne ya fi wayo ba fa.
Na ce, ni ma haka.

Yanzu mako uku ke nan.
Ba ya tik-tik. Shiru yake aikinsa kamar baƙon da bai saba ba.
Layi-layi yake bi, ba ya ɓata,
ruwa ya dawo garau, har tsagar tayil ina ƙirgawa.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Tuan ba.
Kunkuru kullum sai ya maƙale a lungun matakala,
kullum da safe Cedric zai fito da kofin shayi,
ya ɗauki doguwar sanda ya zungure shi,
ya ce, tashi, malalaci.
Bayan rasuwarsa ni na gaji sandar,
shekara huɗu, har da zagin.

Sabon nan ba ya maƙalewa.
Yana isa lungun sai ya juya abinsa.
Ni kuwa ina tsaye, shayi a hagu,
dama tana laluben abin da ba a bukata.

Imogen ta ce in ba shi suna kafin ta zo hutu.
Na ce tukuna.
Kunkuru yana rumfa, kusa da takalman lambun Cedric,
ranar kwashe shara ta wuce sau uku.
Sandar tana jingine inda take.